Tambaya da Amsa: Tayar Baya ta Ƙi Kama Kwalta, Ina Gyaran Yake?

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon yawancinsu daga cikin garin Sakkwato suke, kuma kusan duka kukansu ɗaya: mota mai babban inji wadda tayoyin baya ke turawa, ga ƙarfi har ya yi yawa, amma taya ta ƙi riƙe ƙasa. Mun zaɓi biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Mercedes C63 AMG ƙirar 2012. Da na ɗan taka totur daga tsaye, ko ina fitowa daga shatale-tale, sai tayoyin baya su riƙa juyawa a banza, fitilar ESP tana ta ƙiftawa. Tayar da ke kai 255/35 R18 ce. Abokaina sun ce in sa 295 in huta. Mi kuke gani? Mai karatu daga Gawon Nama.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka sa 295. Rim ɗin baya da motar nan ta zo da shi faɗinsa inci 9 ne, ita kuwa 295/35 R18 tana son rim mai inci 10 zuwa sama. In aka matse ta a kan ƙaramin rim, fuskarta za ta yi tudu a tsakiya, kafaɗunta su ɗage daga ƙasa, gefenta kuma ya riƙa lanƙwasa a kwana. Ka biya kuɗin faɗi, amma abin da ke taɓa kwalta bai ƙaru ba, watakila ma ya ragu.

Ga lissafin tsayi kuma. Lambar 255 faɗin taya ce a milimita, 35 tana nufin tsayin gefenta kashi 35 cikin ɗari ne na faɗin, 18 kuma girman rim ne a inci. Tayarka ta yanzu tsayinta gaba ɗaya kimanin milimita 636 ne. Ita 295/35 ta kai 664, ƙarin sama da kashi 4 cikin ɗari. Maleji zai nuna maka ƙasa da gudun da kake yi, taya za ta iya gogar madgad in mota ta faɗa rami da mutane a baya, sannan ABS da ESP, na'urorin da ke hana taya kullewa a birki da hana mota zamewa, waɗanda aikinsu kwatanta juyawar tayoyi huɗu ne, za su riƙa samun lissafin da ba shi aka tsara musu ba. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada bambancin ya wuce kashi 3. In har kana son ƙari, 265/35 R18 tana zama daidai a rim ɗinka, tsayinta 643, ƙarin kashi 1 kacal.

Amma mu a ganinmu faɗi shi ne abu na ƙarshe da za ka duba. Injin motarka yana da ƙarfin doki kusan 450, kuma duk wannan ƙarfi yana sauka ne a wurare biyu da kowannensu bai fi tafin hannu da yawa ba. Abin da ke riƙe kwalta a wannan ɗan wuri shi ne laushin robar da irin haɗinta. Sabuwar 255 mai kyakkyawar roba ta fi tsohuwar 295 kama ƙasa nesa ba kusa ba.

Ka durƙusa ka duba tayarka da kyau. A gefenta akwai rubutun DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019 ke nan. Sannan ka danna farcen babban yatsanka a kan zanen. Roba mai rai tana ɗan lotsawa ta dawo. Wadda rana ta gasa za ka ji ta kamar robar bokiti, tana ƙyalli, in ka leƙa cikin ramukan zanen za ka ga ƙananan tsage-tsage kamar faso. Irin wannan ko zanenta bai taɓu ba ta gama aiki, kuma zafin Sakkwato yana kai taya wannan hali da wuri, musamman motar da ke yini a rana ba rumfa.

Abin da za ka nema shi ne tayar da aka yi wa motocin gudu don ƙasa mai zafi, irin su Michelin Pilot Sport 4S, Pirelli P Zero, Bridgestone Potenza Sport ko Goodyear Eagle F1 Asymmetric. Bayan lambar girma za ka ga wani abu kamar 94Y XL (XL na nufin taya mai ƙarin ƙarfin ɗaukar nauyi). Lambar 94 tana nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 670, harafin Y kuma iyakar gudunta kilomita 300 a sa'a (W 270 ne, V 240, H 210). Ba don ka yi wannan gudu ba ne, domin doka ta tsayar da ƙananan motoci a 100 ko a babbar hanya. Amfanin harafin a wurinmu shi ne yana nuna yadda jikin tayar ke jure zafi. Kada ka sauka ƙasa da abin da kamfani ya rubuta, a nauyi ko a gudu. In ka sami mai tambarin MO, wannan an yi ta ne bisa amincewar Mercedes.

Akwai abu ɗaya da taya ba za ta gyara ba. C63 na waɗannan shekaru ba dukansu suka zo da difaranshal mai kulle ba, wato wanda ke hana taya ɗaya kwashe ƙarfin inji ita kaɗai. In kullum taya guda ce ke juyawa, musamman ta cikin kwana, ka sa makanike ya duba wane iri ne a motarka. Ya duba shokozoba da bushin ɗin baya kuma, don in sun mutu taya tana tsalle ne a kan kwalta, abin da ke tsalle kuwa ba ya riƙe komai. In ka sa sababbi, ka bi su a hankali na kilomita 500 na farko kafin santsin masana'anta ya goge.

Tambaya: Ranka ya daɗe, sababbin tayoyin nan sun yi tsada. Na sami 'yan Beljiyom guda biyu, zane cike, rabin kuɗi. Akwai rubutun M+S da hoton dutse a jikinsu. In saya? Mai karatu daga Mabera.

Amsa: Malam, ka bar su. Hoton dutse mai tsini uku da tauraron ƙanƙara a ciki alama ce ta tayar sanyin Turai. An haɗa robarta don ta yi laushi in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. A nan, watan Afrilu da Mayu zafi yana haura 40, kwalta kuwa da tsakar rana ta fi haka ƙwarai. Wannan roba in ta hau irin wannan kwalta sai ta yi lagwada, ƙananan yanke-yanken da ke zanenta su riƙa motsi, mota tana lilo a kwana, birki yana ƙara nisa. Cikar zanen da ta burge ka ma ba za ta daɗe ba.

Ko ba ta sanyi ba ce, tayar gwanjo ba ka san tarihinta ba. Wata an yi tafiya da ita ba iska har zarenta na ciki ya ƙone, daga waje ba a gani. Wasu kuma cusa su ake yi ɗaya cikin ɗaya wajen shigo da su, wayar bakinsu ta lanƙwashe. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da hukumar kwastan ta hana shigo da su, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. In kuɗi bai kai ga manyan sunaye ba, gara sabuwa ta kamfani mai matsakaicin farashi, wadda ta cika lambar nauyi da harafin gudu, kuma a jikinta an rubuta Temperature A, wato mataki mafi girma na jure zafi. B da C ba na wannan mota ba ne a wannan gari.

Tambaya: Malam, ina da Dodge Challenger Hellcat. Na ga a intanet ana sa musu tayoyin tsere masu ɗan zane kaɗan, suna manne wa ƙasa kamar danƙo. Za su yi a nan? Mai karatu daga Arkilla.

Amsa: Suna manne wa ƙasa, gaskiya ne, amma ka lura da irin ƙasar. Filin tsere a share yake, wani ma ana fesa masa sinadari mai danƙo, kuma sai an ɗumama tayar kafin ta fara aiki. Titinmu da hunturu akwai ƙura shimfiɗe a kansa, bakin hanya yashi ne, kuma roba mai laushi tana kwasar tsakuwa da yashi ta yi ta birgima a kansu. Ribar da kake nema ba za ka same ta ba sai kaɗan.

Hasarar kuwa da damina take fitowa. Aikin ramukan zane shi ne fitar da ruwa daga ƙarƙashin taya. Tayar tsere ramukanta kaɗan ne kuma ba zurfi, ga ta da faɗi, to in ta shiga ruwan da ya kwanta a hanya sai ta hau kansa kamar kwale-kwale, sitiyari da birki duk su daina amsawa. Ruwan farko na shekara ya fi kowanne haɗari, domin yana haɗuwa da ƙura da baƙin man da suka taru tun rani. Mota mai ƙarfin doki 707 in bayanta ya kuɓuce a wannan hali, sakan ɗaya ya ishe ta juyawa. Ga saurin cinyewa: lambar Treadwear, wadda ƙaruwarta ke nuna taya za ta fi daɗewa, ta tayar tsere Toyo R888R 100 ce, ta Pilot Sport 4S kuwa 300, kodayake ba a kwatanta lambar kamfani biyu kai tsaye.

Wani abin da ake mantawa shi ne gaba. In ka sa mai danƙo a baya ka bar ta banza a gaba, mota za ta riƙa miƙewa a kwana tana ƙin juyawa. Huɗun su zama iri ɗaya, ko aƙalla biyun baya su zama kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, zurfin zane ɗaya. Hellcat ta asali da 275/40 R20 take zuwa a rim mai inci 9.5, mai faffaɗan jiki ita ce ke ɗaukar 305/35 R20 a rim mai inci 11. Kada a ɗauko tayar wannan a ɗora wa waccan. Muna kuma roƙon matasanmu da gaske, gwajin ƙarfin mota a titin da 'yan makaranta da masu babur ke bi ba wurinsa ba ne, komai kyan taya.

Tambaya: Sababbin tayoyina na baya ba su yi wata shida ba, amma ɓangaren ciki ya suɗe har waya ta fito, waje kuwa lafiya lau. Mai faci iska 45 yake sa mini. Mai karatu daga Rinjin Sambo.

Amsa: Matsala biyu ce, Malam, kuma ba ɗaya ta haifi ɗaya ba. Cin ciki na alaimen ne. Motocin gudu dama tayoyinsu na baya a ɗan kishingiɗe suke, sama ya karkata ciki, don su riƙe kwana. In bushin ya saki, ko an rage wa mota tsayi, ko rami ya buga ta, karkatar sai ta wuce kima, ko tayar ta daina fuskantar gaba sosai ta riƙa jan ƙasa a kaikaice. A fara canza bushin da ya mutu, sannan a yi alaimen na ƙafa huɗu a kan na'ura. Na gaba kaɗai ba ya isa. Tayar da waya ta fito kuwa a cire ta yau, kada a hau hanyar Gusau ko ta Birnin Kebbi da ita.

Iska 45 kuma ta yi wa yawancin waɗannan motoci yawa in ba kaya suka ɗauka ba. Lambar 50 ko 51 da ke jikin taya iyaka ce, ba ita ake sawa ba. Ta gaskiya tana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, a Mercedes kuma har da cikin murfin tankin mai. Iska in ta yi yawa tsakiyar taya kaɗai ke taka ƙasa, kamu ya ragu. In ta yi kaɗan gefe yana ta lanƙwasa yana tara zafi, kuma wannan shi ke fasa taya a doguwar tafiya. Ka sayi geji naka, ka auna da safe kafin mota ta motsa, sau ɗaya a mako biyu. In ka yi tafiya ka ga ta hau da 4 ko 5, haka take, kada ka rage ta. Duk digiri 10 na canjin yanayi yana motsa ta da kusan 1.5 zuwa 2, saboda haka abin da ka sa da bazara zai sauka da sanyin Disamba.

Tambaya: Ina so in canza rim daga 18 zuwa 19 don kyau. Sannan taya ɗaya ta yi ƙulu a gefe, za a iya facinta? Mai karatu daga Minanata.

Amsa: Ƙulu ba ya faci. Zaren da ke riƙe gefen ne ya tsinke lokacin da rami ya matse taya da rim, yanzu roba kaɗai ke tare iska a wurin. Faci a fuskar taya kawai ake yi, in hujin bai wuce milimita 6 ba, kuma a cire ta a liƙa daga ciki.

Wannan ƙulun ma ya amsa maka tambayar farko. Alal misali, 255/35 R18 gefenta milimita 89 ne, 255/30 R19 kuwa 76 da rabi, kuma wannan ragin daga abin da ke tare rim da bakin rami aka cire shi. A hanyoyinmu 18 ta fi, kuma gefe mai ɗan tsayi yana taimaka wa taya ta shimfiɗu in an taka totur. In za a ɗaura sabuwa ka tsaya a kai: mai rubutun Outside wannan fuskar waje za ta kalla, mai kibiya kuma kibiyar ta bi juyawar gaba. A sa sabon bawul, a yi balansin, a ɗaure noti da sifana mai ma'auni gwargwadon abin da littafin motar ya ce, ba da tsalle a kan wilsifana ba. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notin ɗaya bayan ɗaya.