Ɗana zai tafi ƙauyen Ghana koyon kiɗa, ko akwai amfani?

Hajiya, kin ce ɗanki na karatun kiɗa a jami'a, za a kai su wani ƙauye a Ghana na 'yan makonni, kina ganin kamar yawon banza ne. Ni dai shawarata ki bar shi ya tafi.

Akwai kiɗan da ba a koyonsa a aji. A ƙasar Dagomba, wajen Tamale da Yendi, makaɗan lunga, wadda ta yi kama da kalangunmu, su ne ke riƙe da tarihin sarakuna. Yaro a gidansu yake tasowa yana haddace kirarin kowane sarki da jerin kakanninsa. Ɗalibin da ya zauna da su zai ga inda kiɗan ke aiki: suna, biki, jana'iza, da bikin Damba da ake yi a watan Maulidi. Suna da goge ma, kuma zai tarar da masu jin Hausa a zango. Idan kudu za su, a Kopeyia kusa da iyakar Togo akwai cibiyar Dagbe da marigayi Godwin Agbeli ya kafa, inda ɗalibai daga Amurka ke zuwa koyon kiɗan ƙabilar Ewe.

Abin da zan roƙa, ki ja masa kunne kan ladabi. Ya durƙusa ya gaida manya, ya riƙe goro idan za su gaban sarki, kada ya ɗauki hoton kowa ko muryarsa sai da izini. Malamin da ya koya masa kuma a biya shi haƙƙinsa, don sana'arsa ce ta gado.

Ya tafi da katin rigakafin shawara da gidan sauro.