Filin Amsa Tambayoyinku: Conan na Kwamando ko Conan na Jason Momoa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Gardama muka yi da ƙanena har sai da Baba ya tsawatar mana. Ya kalli fim ɗin Conan the Barbarian na Jason Momoa a waya, ya dage wai shi ne na asali. Ni kuwa na san tun ina yaro na kalli wani Conan a kaset, Kwamando ne jarumin. Wanne ne na asali, kuma wanne ya fi? Daga mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Malam, kai ne da gaskiya, amma kada ka yi wa ƙanen naka dariya tukuna, domin Conan ya girme wa fina-finan biyu da shekaru masu yawa. Wani marubuci ɗan jihar Texas ta Amurka, Robert E. Howard, shi ya ƙago shi, labarin farko ya fito a mujallar Weird Tales a watan Disamba na 1932. Howard bai daɗe a duniya ba, ya rasu a 1936 yana da shekara 30. Sai bayan shekara 50 da fitowar labarin aka yi fim ɗin da ka kalla, a 1982. John Milius ne ya ba da umarni, shi da Oliver Stone suka rubuta, aka ɗauke shi a ƙasar Sifaniya. Jarumin kuwa Arnold Schwarzenegger ne, wanda mu a nan ba mu san shi da wani suna ba sai Kwamando. A lokacin duniya ta fi saninsa da gasar gina jiki, fim ɗin nan ne ya buɗe masa ƙofa. Na ƙanenka ya fito a watan Agusta na 2011, Marcus Nispel ya ba da umarni, aka ɗauke shi a Bulgeriya.

Sunansu ɗaya, labarinsu daban. A na farko, wani shugaban matsafa masu bautar maciji, Thulsa Doom, ya far wa ƙauyensu Conan ya kashe iyayensa. A na biyu mugun Khalar Zym ne, yana neman gutsuttsuran wani abin rufe fuska na tsafi don ya dawo da matarsa da ta mutu. Ramuwar gayya ce kawai ta haɗa su.

Kan wanne ya fi, ba zan ɓoye maka ba, ina bayan na 1982. Na fara kallonsa a zauren wani maƙwabcinmu mai bidiyo, mun fi mu goma sha biyar a kan tabarma, babu wanda ke jin Turanci sosai a cikinmu, amma babu wanda labarin ya ɓace wa. Akwai wurin da har yau ban manta ba. An kama Conan yana yaro an sayar da shi, an ɗaure shi da sarƙa a jikin wani ƙaton injin niƙa na katako, shi da sauran yara suna turawa. Rani ya wuce, sanyi ya zo, yaran suna raguwa ɗaya bayan ɗaya. Kyamara tana kallon ƙafafunsa kawai, ƙafafun suna kauri. Can sai ya ɗago kai, ashe ya zama ƙato, shi kaɗai ya rage yana tura injin. Ba a furta kalma ko ɗaya ba, kiɗan Basil Poledouris ne ke magana. Zauren nan ya yi tsit, wani dattijo da ya leƙo don ya kore mu sai ga shi ya tsuguna a bakin ƙofa. Duk saran da Conan ya kai bayan wannan, ka san inda zafin ya samo asali.

Ga kuma James Earl Jones a matsayin Thulsa Doom. Ba ya ihu, ba ya zare ido. Kallon uwar Conan kawai ya yi har ta sauke takobinta, sannan ya fille mata kai, yaron yana riƙe da hannunta.

Na 2011 bai da wannan haƙurin. Farkonsa ya yi kyau, dole in faɗi gaskiya: an tura samarin ƙauye tsere kowa da ƙwai a baki, maƙiya suka tare su a daji, kowa ya juya, ƙaramin Conan kaɗai ya tsaya, ya dawo da kawunan maƙiyan a hannu ya tofar da ƙwan bai fashe ba. Ron Perlman ma ya yi ƙoƙari a matsayin uban. Amma da uban ya mutu sai fim ɗin ya zama gudu da sara, daga wannan gari zuwa wancan, jini na kwamfuta yana ta fallatsa, ba a ba ka minti biyu ka san mutum kafin a kashe shi. Washegari na nemi kiɗan fim ɗin a kaina ban samu ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Momoa bai da laifi. Conan na Howard mai baƙin gashi ne, mai zafin nama kamar damisa, mai wayo, ya yi sata, ya yi fashin teku, daga baya har sarauta ya yi. Momoa ya fi Arnold kama da wannan, a tafiyarsa da yadda yake juya takobi. An samu jarumin da ya dace, aka rasa labarin da za a ɗora masa. Kasuwa ma ta nuna: an kashe wajen dala miliyan 90, abin da ya dawo daga gidajen sinima na duniya bai kai haka ba, shi ya sa ba a yi na biyu ba. Momoa bai durƙushe ba, fim ɗinsa Aquaman na 2018 ya haura dala biliyan 1.

Ku zauna da ƙanen naka ku kalli na 1982 tare, a talabijin mai sauti, ba a waya ba. Sai dai ku jira yara su kwanta. Duka biyun akwai zubar da jini, da tsiraici, da harkar tsafi, ba na kallon iyali ba ne.

Tambaya: Akwai wani fim da na ga Kwamando da takobi tare da wata mace mai jan gashi. Shi ne Conan kashi na uku? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: A'a, Hajiya. Wannan Red Sonja ne na 1985, Brigitte Nielsen ce macen, shi kuma sunansa Kalidor a ciki. Shigar ce ta yi kama, ba ke kaɗai abin ya ruɗa ba. Sau biyu kawai Arnold ya fito a matsayin Conan, na 1982 da Conan the Destroyer na 1984, wanda Grace Jones take ciki da dogon sandanta. Richard Fleischer ne ya ba da umarnin wannan na 1984 da Red Sonja ɗin duka.