Tambaya da Amsa: Yaya Zan Shirya wa Gudun Fanfalaki a Ƙasar Navajo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na yi rajistar shiga tseren gudun fanfalaki na Shiprock, wanda al'ummar Navajo ke shiryawa a farkon watan Mayu a jihar Niu Meziko ta Amurka. Sau biyu na taɓa kammala kilomita 42, kuma kowane karo cikin kusan awa huɗu, amma duka biyun a bakin teku na yi su. An gaya mini cewa wurin nan hamada ce a kan tudu, kuma numfashi yana wahala. Ina neman shawara kan yadda zan shirya jikina, da kuma yadda zan zauna da mutanen wurin ba tare da na saɓa musu ba.

Daga wani mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗin da ka haɗa tambayoyin biyu wuri guda, domin yawancin masu zuwa irin wannan tsere jikinsu kaɗai suke tunawa, su manta cewa ƙasar da za su taka tana da masu ita.

Bari mu fara da numfashin. Garin Shiprock yana kan tsayin kusan mita 1,500 sama da doron teku, kuma tafarkin da aka saba bi yana farawa ne daga wuri mafi tudu a yamma, ya gangaro zuwa garin. Kason oksijin a cikin iska bai canja ba, kashi 21 cikin ɗari ne a can kamar yadda yake a bakin teku. Abin da ya ragu shi ne matsin iskar, wanda a wannan tsayi yake kusan kashi 84 cikin ɗari na abin da ka saba da shi, saboda haka kowace shaƙa da ka yi tana shigar wa jininka da oksijin ƙasa da yadda ta saba. Idan kana zaune ba za ka lura ba, amma da zarar ka fara gudu zuciyarka za ta ƙara bugu domin ta cike giɓin, kuma saurin da kake yi kana hira a gida zai koma saurin da ke sa ka haki. Ga 'yan tsere masu horo, ƙarfin jiki na sarrafa oksijin yana raguwa da kimanin kashi 6 cikin ɗari a kowane mita 1,000 da aka hau. An ga wannan a fili a gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, mai tsayin mita 2,240, inda Mamo Wolde na Habasha ya ci gudun fanfalaki, Kipchoge Keino na Kenya ya ci na mita 1,500, yayin da gwanaye da yawa daga ƙasashe masu kwari suka galabaita.

Shawarata a nan ita ce ka cire awa huɗun nan daga ranka. Ka ƙara wa kanka minti 15 ko 20, kuma ka auna gudunka da yadda numfashinka yake, ba da abin da agogo ke nuna maka ba. Haɗarin tafarkin da ke gangara shi ne yana ruɗin mutum a kilomita goma na farko, ya ji ƙafarsa ta yi sauƙi ya saki jiki, sai an wuce kilomita 30 cinyoyinsa su sandare saboda dukan da suka sha a gangaren. Sannu ba ta hana zuwa. A cikin horonka ka sa gudun gangara sau ɗaya a mako, domin tsokar gaban cinya ta saba da wannan aiki tun kafin ranar.

Maganar ranar isa kuma tana da muhimmanci. Idan hali ya ba ka, ka isa da mako biyu, ka zauna a wuri mai irin wannan tsayi, kamar birnin Albuquerque, ko garin Farmington da ke kusa da Shiprock. A kwanakin farko ruwan jini yana raguwa, barci yana gagara, kai yana iya ciwo. Bayan haka ƙoda tana ƙara fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, jiki ya fara daidaituwa. Idan mako biyu ba zai samu ba, masu horarwa da yawa sun fi son mutum ya isa ana gobe ko jibi tsere, maimakon ya faɗa a tsakiyar kwanakin da jiki ke cikin rikicewa. Kafin tafiya ka je a auna jininka, domin wanda ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe ba ya sabawa da tudu da wuri. Abin da kuma ba zan yi shiru a kansa ba shi ne sikila. Wanda yake da rukunin jini na AS yana iya rayuwarsa lafiya ƙalau bai taɓa jin komai ba, amma haɗuwar tudu da ƙishirwa da gudu mai tsanani tana iya toshe hanyar jini a saifarsa, ko ta sa ya yanke jiki ya faɗi. Idan ba ka san rukuninka ba, ka sani kafin ka sayi tikitin jirgi, ka kuma gaya wa likitanka ainihin abin da za ka je yi.

Hamadar kan tudu ba zafi kaɗai gare ta ba. Da asuba, lokacin da ake jiran tashi, sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 10, sannan kafin azahar zafi yana iya haura 25, ga iskar bazara mai ɗauko rairayi ta watsa wa mutum a ido. Ka sa tsohuwar riga mai kauri da za ka iya tuɓewa, ka tanadi hula da tabarau da man kare fata, domin hasken rana mai ƙuna yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari a kowane mita 1,000. Iskar a bushe take ƙwarai, gumi yana bushewa kafin ka gan shi, don haka kana asarar ruwa ba tare da rigarka ta jiƙe ba. Ka riƙa kurɓa a kowace tashar ruwa, kana haɗawa da abin sha mai gishiri, amma kada tsoron ƙishirwa ya sa ka yi ta ɗura zallar ruwa fiye da kima, domin hakan yana tsinka gishirin jini har ya kai ga ruɗewa da suma.

Yanzu ga ɓangaren da na fi so ka riƙe. Navajo, wanda ake furtawa Nabaho, suna kiran kansu Diné, wato mutane. Ƙasarsu ta kai kusan murabba'in kilomita 71,000 a cikin jihohin Arizona da Niu Meziko da Yuta, tana da shugabanta da majalisarta da kotunanta da 'yan sandanta, hedikwatarta kuma tana Window Rock. A 1864 sojojin Amurka sun kore su daga wannan ƙasa, suka tasa dubbansu a ƙafa tafiyar kusan kilomita 500 zuwa sansanin Bosque Redondo, inda yunwa da cuta suka kashe mutane masu yawa, kuma sai a 1868 aka ƙulla yarjejeniyar da ta ba su damar komawa gida. Wanda ya san wannan tarihi zai fahimci dalilin da ya sa ba sa wasa da maganar ƙasarsu.

Gudu kuwa a wurinsu ya girmi tsere da lambar yabo. A al'adarsu mutum yana tashi kafin fitowar rana ya yi gudu yana fuskantar gabas, kamar yadda ƙofar ɗakinsu na gargajiya ke kallon gabas, kuma a bikin balagar 'ya mace da suke kira Kinaaldá, yarinyar tana yin irin wannan gudu, 'yan uwa suna biye da ita. Saboda haka idan aka buɗe tseren da addu'a ko waƙa a harshensu, ka tsaya ka yi shiru, ka mayar da wayarka aljihu. Ba a neme ka ka yi abin da ya saɓa wa addininka ba. Natsuwa kaɗai ake buƙata daga baƙo.

Dutsen da za ka yi ta hangowa a hanya, wanda ya tashi sama da mita 480 daga shimfiɗar hamada, suna kiransa Tsé Bit'a'í, ma'ana dutse mai fukafukai. Wuri ne mai alfarma a wurinsu, kuma an hana hawansa tun 1970. Ka kalle shi daga kan hanya, kada ka ratsa zuwa gindinsa, kada ka ɗauki tsakuwa ko fasasshen kasko da sunan tsaraba. Kada ka ɗauki hoton mutum ko gidansa sai ka nemi izini. Dokar ƙasar ta hana shiga da barasa. Gaisuwarsu ita ce Yá'át'ééh, godiya kuma Ahéhee', musabaharsu mai taushi ce, kuma dattawansu ba sa son a ƙura musu ido ko a nuna abu da yatsa. Ka tuna kuma cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajen wannan ƙasa ba su da ruwan famfo, sai sun yi tafiya mai nisa da mota sun ɗebo, don haka kofin da yaro ya miƙo maka a bakin hanya ka karɓe shi da godiya, kada ka watsar da rabinsa a gabansa.

Akwai wani ƙaramin abu da yake sa baƙi makara. Ƙasar Navajo tana tura agogonta gaba da awa ɗaya a lokacin bazara, alhali sauran jihar Arizona ba ta yi, saboda haka idan ta Phoenix, babban birnin Arizona, ka sauka, ka gyara agogonka da ka shiga ƙasarsu, domin kada ka makara zuwa wurin tashi ranar tsere.

Idan ka kammala wannan lafiya kuma ranka ya biya, akwai tseren kilomita 55 na kwazazzabon Canyon de Chelly kusa da garin Chinle, wanda wani malamin makaranta ɗan Navajo mai suna Shaun Martin ya kafa a 2013, ana kuma yin sa a watan Oktoba. Kusan duk cikin kwazazzabon ba a shiga sai da ɗan jagora daga cikinsu, gurbin 'yan tsere kaɗan ne, kuma rairayin farkon hanyar yana da zurfin da zai buƙaci horo dabam da na kwalta. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya.