Yaya zan koyar da Bayoloji da waya da kwamfuta ɗaya tak?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce, ina koyar da Bayoloji daga aji huɗu zuwa shida a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati. Ɗakin gwaje-gwajenmu sunansa kawai ya rage. Madubin likita, wato na'urar ganin ƙananan halittu, biyu gare mu, ɗaya ma ya lalace. Abin da ke hannuna wayata ce da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, data kuwa daga aljihuna take fita. Waɗanne kayan koyarwa na intanet ne za su amfane ni, kuma ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya. Abin da ke hannunki ya isa ki fara, muddin kin san inda na'ura take da amfani da inda ba ta da shi.

Ga ma'aunin da nake bai wa malamai. Ki ajiye allon kwamfuta don abin da ido ba ya iya gani: wanda ya yi ƙanƙanta sosai, kamar yadda ƙwayar halitta ke rabuwa gida biyu, ko wanda ke ɗaukar ɗaruruwan shekaru, kamar sauyin halittu daga zuri'a zuwa zuri'a. Amma abin da ake samu a kasuwa ko a bayan aji, wake, masara, fara, karfasa, furen zoɓo, ki kawo shi su taɓa da hannunsu. Jarrabawar Bayoloji ta WAEC da NECO tana da takardar aiki a aikace, inda za a ajiye wa yarinya abu a gabanta a ce ta zana shi ta sanya wa sassansa suna. Wadda a bidiyo kaɗai ta san kifi, ranar nan hannunta rawa zai yi.

Da PhET za ki fara, wato shafin gwaje-gwajen kimiyya da ake yi a kan kwamfuta. Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka ce ke samar da shi kyauta, Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a fannin Fiziks, shi ya assasa shi a 2002. Ana sauke kowane gwaji a matsayin ƙaramin fayil, ya buɗe ko babu intanet. Wanda na fi so shi ne na zomaye, mai suna Natural Selection. Farin zomo ɗaya ne a fili mai launin ƙasa. Ki ba shi abokiyar zama su hayayyafa, ki shigar da sauyin da zai sa a fara haifar masu gashi ruwan ƙasa, sannan ki saki kyarketai. Kafin ki danna, ki tsaya ki tambaye su: su wa za su rage? Kowace ta rubuta hasashenta a littafi. Za su ga farare na ƙarewa, masu ruwan ƙasa na yawaita. Sai ki mayar da filin na ƙanƙara, ki sake tambaya. A nan ne aji ke kaurewa da musu, kuma musun nan shi ne darasin. In kika kunna suka yi kallo shiru har aka kaɗa ƙararrawa, kallo suka yi, ba karatu ba.

Sai shafin HHMI BioInteractive, shi ma kyauta ne, da gajerun finafinai da takardun aiki da za ki iya bugawa. Akwai wanda ya shafe mu kai tsaye, a kan binciken Anthony Allison a Gabashin Afirka, wanda a 1954 ya nuna cewa masu AS, wato waɗanda suka gaji ƙwayar sikila daga ɓangare ɗaya kawai na iyaye, suna da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya sa ƙwayar sikila ta yawaita a inda sauro ya yi katutu. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu sikila, da wuya a ajinki a rasa wadda ke da ɗan'uwa mai ita, don haka ki tafi da darasin cikin tausasawa. Bayan fim ɗin ki raba musu marafan kwalba bibbiyu da aka buga suka baje, a rubuta A a ciki, S a baya, su yi ta jefawa suna ƙirga. Da hannunsu za su gane cewa idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama SS, wato mai ciwon sikila. Mutane da yawa suna ɗauka wai a cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai samu. Ba haka ba ne, kowane ciki lissafinsa daban. 'Yan matan nan aure ke gabansu, a Kano ma tun 2024 doka ta wajabta gwajin jini kafin ɗaurin aure.

Batun data kuwa, a sauke sau ɗaya a yi ta amfani. Manhajar Kolibri an yi ta ne don makarantun da ba su da intanet. Ki sa ta a kwamfutarki, ki je inda sadarwa ke da ƙarfi ki sauke darussan Khan Academy da gwaje-gwajen PhET a cikinta, daga nan ba ta bukatar komai sai caji. OpenStax na Jami'ar Rice suna ba da littattafan Bayoloji kyauta masu zane mai kyau. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar a 2022, da uLesson wanda ya bi manhajar karatunmu amma na kuɗi ne. Abin da kika sauke ki tura wa sauran malamai ta Xender, kada kowa ya ƙona datarsa a kan abu ɗaya.

Madubin nan naki mai aiki, kada ki raina shi. Ki ɓare siririyar fatar cikin albasa, ki ɗiga mata aidin, ki saita, sannan ki ɗora idon kyamarar wayarki daidai kan inda ake leƙawa. Sai kin yi haƙuri kafin hoton ya zauna, amma da ya zauna za ki ga ƙwayoyin a jere kamar tubalin gini. Ki ɗauka, ki mayar kan kwamfuta, su zo rukuni-rukuni su gani, kowace kuma ta leƙa madubin da idonta ko da na minti ɗaya ne. Haka wake da kika shuka a jiƙaƙƙiyar auduga: hoto ɗaya kowace safiya daga wuri guda, bayan mako kin haɗa naki bidiyon tsirowar iri.

Abu biyu nake so ki kiyaye. Galibin kayan nan don ɗaliban Amurka aka yi su. Suna zurfafawa a inda manhajarmu ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu a Najeriya, ba ta nema, ba su kuma cika taɓa ƙadangare da kyankyaso da ƙwarin amfanin gona da ake tambayar yaranmu ba. Ki ajiye manhajar da tsofaffin tambayoyin jarrabawa a gefenki, su za su gaya miki abin da za ki ɗauka. Sannan Turancin bidiyon yana da sauri. Ki kalle shi tukuna a gida, ki zaɓi minti uku ko huɗu, a aji ki riƙa tsayarwa kina bayani da Hausa har su gane, sannan ki rubuta kalmar Turancin a allo su kwafa da harafinta daidai, domin a jarrabawa kuskuren harafi a sunan sashe yana cin maki.

Makon farko ki ɗauki darasi ɗaya kawai. Idan aji shida sun iso gadon halitta, ki fara da zomayen.