Tambaya da Amsa: Hutun yini guda a doguwar tafiyar keke

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu huɗu ne muka shirya tafiya a kan keke daga Zariya zuwa Jos ta Pambeguwa da Saminaka, mu zarce Pankshin, mu dawo. Abokaina sun ce tsayawa hutu ɓata lokaci ne, wai ƙafa ma mutuwa take yi. Ya kuke gani?
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ku huta, kuma ku tsayar da ranar tun kuna gida, kada ku jira sai jiki ya gaza. Zariya ba ta kai mita 700 a saman teku ba, Jos kuwa tana wajen mita 1,200, kuma hawan mai wuya yana bayan garin Jingir, tsakanin Saminaka da Jos, lokacin da kun riga kun yi kwanaki a hanya. Saboda haka Jos ce wurin yada zango. In kun daidaita ranar hutun ta faɗo Juma'a, ga hutu ga jam'i.

Abokanka suna da ɗan gaskiya: wanda ya wuni a kwance yakan tashi da cinyoyi sun sandare. Maganinsa a zagaya gari a kan keke na minti 30 zuwa 40 a giya mai sauƙi, ba kaya, ba hawa.

Babban aikin ranar shi ne ci. Hawan dutse yana ƙone sukarin da tsoka ta ajiye, kuma mayar da shi yakan ɗauki kusan awa 24. Ku ci tuwo, shinkafa da dankalin turawa, wanda Filato ce gidansa, sau huɗu ko biyar kaɗan-kaɗan, haɗe da ƙwai, wake ko fura da nono. A lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa kurɓa har fitsari ya washe. Muna roƙonku kada ku danne ciwo da ibuprofen ko diclofenac alhali jiki ya bushe, don suna iya taɓa ƙoda.

Tun yanzu kowa ya ƙirga bugun zuciyarsa na minti ɗaya da asuba kafin ya miƙe. In a hanya ya ƙaru da kamar 10, ga rashin barci, ga abinci ba ya shiga, a ƙara kwana. Ciwon gaban gwiwa sau da yawa sirdi ne ya yi ƙasa. A ɗaga shi milimita 5 a gwada. Inda sirdi ya goge fata a wanke da sabulu, a bari ya bushe, a shafa man kaɗanya, wandon kuma a wanke a shanya a rana.

Keken ma na da haƙƙi. A wanke kaca da kalanzir, ta bushe, a ɗiga mai a kowace gaɓa, a goge ragowar, in ba haka ba ƙura za ta manne ta cinye haƙoran giya. A duba taya a cire ƙaya da tsakuwa, a ɗaure notunan da suka saki. Robar birki kuwa, in tsagin jikinta ya shafe a canza ta nan take a wurin mai gyara, a kuma duba wayar birkin ko ta fara tsinkewa, domin gangaren da ke jiranku a dawowa birki yake ci.