Amsa ga Malamar da ganyenta ya ƙi yin baƙi da aidin

Wa'alaikumus salam Malama. Kin ce kin tsinko ganyen wake da sassafe, kin tafasa, kin cire korensa da sifirit, kin ɗiga aidin, wanda ke sa ganye ya yi baƙi in akwai sitaci a cikinsa, amma bai yi baƙi ba, har kina zargin aidin ɗin ya lalace. Haka ta taɓa faruwa da ni a gaban ɗalibai, shekarar da na fara koyar da bayoloji a wata sakandare a Azare. Ina kyautata zaton aidinki lafiya lau yake, lokacin tsinkar ne matsalar.

Da rana ganye yana haɗa sukari da hasken rana, amma ba duka yake turawa saiwa da 'ya'ya ba. Wani kaso yakan dunƙule shi ya zama sitaci, ya adana a cikin ganyen kamar hatsi a rumbu. Rana na faɗuwa sai sinadaran da ake kira enzayim su hau aiki. Ɗaya yana manna fosfet a jikin ƙwayar sitacin don ta saki, sai bita-amiles ya riƙa gutsuro sukarin bibbiyu, wato maltos, isoamiles kuma yana warware rassan sitacin. Da wannan shuka take rayuwa har gari ya waye. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta wawushe shi tun tsakar dare, tana auna tsawon daren ta yi tattali, sai gab da asuba yake kusan ƙarewa. Masu bincike a birnin Norwich na Ingila sun nuna haka a 2010. To kin ga, ganyenki na ƙarfe bakwai rumbu ne da aka riga aka kwashe.

Ki tsinko tsakanin azahar da la'asar, ranar da babu hadari. Ki guji ganyen albasa, ba ya tara sitaci. Sifirit kuwa don Allah kada ya kusanci wuta, ki tsoma kwalbar a ruwan zafi.

In yaran suka kasa gane enzayim, ki tuna musu kunun zaƙi. Tsiron dawa ko ɗanyen dankalin da iyayenmu ke niƙawa su zuba, amiles ne a cikinsa, wato enzayim mai mayar da sitaci sukari, shi ke tsinka kunun ya sa masa zaƙi. Ban taɓa kawo wannan misalin aji ya yi shiru ba.

Gobe ki tsinko ganye biyu a jikin shuka ɗaya, na asuba da na la'asar, ki gwada su gefe da gefe a gabansu.