Waye mai gidan da zai kula da mahaifiyarki?

'Yar'uwa, kin tambaya ko mamallakin gidan kula da tsofaffi yana shafar kulawar da mahaifiyarki mai ciwon mantuwa za ta samu a ƙarshen rayuwarta. Yana shafa ƙwarai.

A Amurka, bincike ya nuna gidajen neman riba sun fi ƙarancin ma'aikatan jinya, sun kuma fi saurin sa bututun abinci, wato robar da ake zura wa mara lafiya don kai abinci cikinsa kai tsaye. Ciyar da ita da cokali yana cin lokaci da haƙuri, bututun kuwa ba a tabbatar yana ƙara kwana ba idan ciwon ya yi nisa.

Kada kyawun gini ya ruɗe ki. Tambayi mutum nawa ke aikin dare. Raɗaɗi ne ya fi damuna, don ba za ta iya faɗa ba. Ki nemi likitan sauƙaƙa raɗaɗi tun yanzu. Allah Ya ba ta sauƙi.